Almu Direba da Jar Mota Mai Kujera Biyu

Duk wanda ya zauna a Ƙofar Marusa ya san Almu Direba. In bai san sunansa ba ya san tafiyarsa: dogo, ɗan rankwafe, makulli na lilo a yatsa ko da babu motar da zai buɗe. Ni kuwa na san shi fiye da yadda yake so, domin taubashina ne. Uwata da ubansa ciki ɗaya suka fito, saboda haka tun muna yara nake da damar tsokanarsa yadda na ga dama, shi ma haka, kuma babu mai kai ƙara. Sunana Nu'uman. Ɗinki nake yi a bakin titi, kuma a kan bencin shagona Almu ya ƙarar da yawancin yammacinsa.

Waɗanda suka san shi da furfura ba za su yarda ba, amma Almu ya yi ƙuruciya mai zafi. Tasi ya fara ja tsakanin Katsina da Jibiya, zamanin da hanyar ke lafiya lau, mutum ya fita da hantsi ya dawo da la'asar ba wanda ya zauna yana jiran wayarsa. Almu Iska ake ce masa a tasha. 'Yan kasuwa masu sauri suna rububin motarsa, tsofaffi kuwa su sauka suna salati suna rantsuwar ba za su ƙara ba. Da labarin ya ishi ubansa, Kawu Salihu, sai ya je ya roƙi wani amininsa aka samo wa Almu aikin direba a wata ma'aikatar gwamnati. Ranar da aka faɗa masa ya shiga ɗaki ya ƙi cin tuwo. Amma a gidanmu ba a mayar wa uba magana, washegari ya je ya karɓi makulli.

Shekara talatin da wani abu ya yi yana tuƙa manya. Motoci ya ja na gani na faɗa, irin waɗanda injinsu ke gurnani tun suna tsaye. Sai dai ogansa na farko ya kafa masa doka tun ranar farko: allurar agogon gudu ba za ta wuce tamanin ba. Mutumin nan bai cika magana ba. Zoben azurfa gare shi, da ya ji motar ta fara sakin jiki sai ya ƙwanƙwasa gilashi da shi, Almu ya ɗaga ido ya dubi madubi, ya ɗaga ƙafa. Wanda ya gaje shi gyaran murya yake yi. Akwai wani kuma mai tsoron mutuwa da ya fi kowa, shi wannan da baki yake faɗa, "Almu, muna da iyali," kamar shi Almun daga sama ya faɗo. Dokar tamanin ta zama gado, kowane sabon oga ya zo ya tarar da ita ya ga ta yi masa daɗi. Ranar da ya yi ritaya har takardar yabo suka ba shi, wai bai taɓa ko goge wata mota ba. Ni da na ga takardar sai raina ya ɓaci, don na san abin da aka kashe kafin a rubuta ta.

Na sani ne saboda a shagona yake sauke abin da ya ɗauko. Ya zauna, ya miƙe ƙafar dama yana matsa ta, wata mota ta wuce, ya karkata kai ya saurara.

"Ka ji wannan? Ana cutarta. Tana da sauran magana a ciki, mai ita bai san ta ba."

"Kai da ka sani mi ka yi da naka?" in ji ni.

"Nu'uman, ni fa ban taɓa jin ƙarshen mota ba. Tasin da na ja tana kai ɗari ta fara rawar sanyi. Waɗanda ke da ƙarshe kuwa ba nawa ba ne. Ni dai sau guda, mota tawa, ba kowa bayana, in taka ta har ta faɗi duk abin da ke bakinta. In na ji wannan, to, na gama da duniya lahiya."

Na ji maganar nan har na haddace ta. Ina yi masa dariya, ina ce masa tsohon banza mai son wasan yara. Shi kuwa ba wasa yake ba. Wasu burinsu Makka, wasu gidan sama, Almu nasa ke nan, kuma bai taɓa sauya shi ba.

Shirinsa shi ne in kuɗin sallamarsa na ritaya suka fito ya sayi mota mai lafiyar inji. Kuɗin suka ƙi fitowa. Ya yi ta sintiri ofis-ofis, shi da tsofaffi irinsa, ana ce musu su dawo. Kafin su fito an cire tallafin mai, kaya sun yi tashin gwauron zabo, motar da ya sa wa ido ta yi masa nisan da ko hangenta ba ya yi. Da kuɗin suka zo hannu, matarsa Furera ta zaunar da shi. Mace ce mai haƙuri, amma ba ta da rufa-rufa. Ta ce abu biyu ne a gabansu: rufin ɗakinta da ya soma saki, da kuma napep, ya riƙa ja a cikin gari ana samun na cefane, tunda fansho sai an ga dama. Almu ya ce to. Ya fita da niyyar zuwa duba napep ɗin, sai ƙafarsa ta kai shi filin Sammani dillali, wajen Ƙofar Kaura.

A can ƙarshen filin, ƙarƙashin bishiyar bedi, akwai wata jar mota da ta daɗe a ajiye har tsuntsaye sun mai da ta tasu. Gajera ce, cikinta kamar zai taɓa ƙasa, salansa biyu a baya, ƙofa biyu, kujera biyu. An shigo da ita ne don ɗan wani attajiri, uban ya gan ta ya ce ko a ƙofar gidansa kada a ajiye. Tun daga nan ba wanda ya taya. Wane Bakatsine ne mai hankali zai sayi motar da ba ta ɗaukar iyali? Shi ya sa kuɗinta ya faɗi har ya zo daidai aljihun Almu, kuma Sammani, wanda ya san inda ke yi wa kowa ƙaiƙayi, bai yi dogon ciniki ba. Makulli kawai ya miƙa masa ya ce ya tayar ya ji. Almu ya faɗa mani cewa da injin ya kama, sai da gashin jikinsa ya tashi. Ya dubi agogon gudu ya ga lambobi sun wuce ɗari biyu sun ci gaba. Bai ƙara tuna rufi ba.

Lungunmu mota ba ta shiga, don haka a bakin titi ya ajiye ta, kusa da masallaci. Kafin la'asar unguwa ta taru yin Allah ya sanya alheri. To mu nan in mutum ya yi mota ba tasa ba ce shi kaɗai. Ita za ta kai mai naƙuda asibiti, ita za ta bi ayarin kai amarya, ita za ta kwashi dattawa zuwa ta'aziyya. Mai zuwa taya murna yana addu'a yana duba inda zai zauna. Kuma sai an kai ta gaban manya sun sa albarka. Babbar da ta rage mana ita ce uwata, wadda Almu ke kira Gwaggo Hauwa'u. Aka riƙo ta ta fito da sandarta. Ta zagaya motar a hankali, tana shafa jikinta da tafin hannu, ta zo ta gefen nan ta laluba, ta koma wancan gefen ta laluba. Sai ta tsaya.

"Almu, ina ƙofar mutane?"

"Gwaggo, ai biyu gare ta. Haka aka yi ta."

"Biyu. Kai da wa?"

Ta daɗe tana kallonsa, sannan ta ce, "Allah shi tsare," ta juya. Addu'ar da ta saba yi wa ko keken yaro ta fi wannan tsawo. Kafin magariba matan unguwa sun raɗa wa motar suna Ba-dangi, kuma sunan ya bi ta.

Abin da Gwaggo ta hango bai daɗe ba ya zo. Wata rana da azahar matar maƙwabcinsa ta kama naƙuda mai wuya, aka rugo wurin Almu tunda ga mota a bakin titi. Ya fito da gudu ya buɗe ƙofa. Matar ba ta iya naɗewa ta shiga wannan ramin, kuma mata biyu ne za su raka ta. Aka tsaya ana kallon-kallo har wani ya tare napep. Allah ya sa ta sauka lafiya, amma daga ranar ba wanda ya ƙara ƙwanƙwasa ƙofarsa. Da aka yi rasuwa a lungun, na ga Almu ya bar motarsa a rufe ya hau bayan akori-kurar wani ya tsuguna cikin matasa.

Da a ce ya samu abin da ya saya dominsa, da na ce ya biya ya more. Bai samu ba. A cikin gari duk taku kaɗan akwai tudun siminti da aka yi don rage gudu, motar kuwa sai ta hau shi a karkace, duk da haka cikinta ya gurza, Almu ya runtse ido kamar haƙarƙarinsa ne. Hanyar Jibiya da ya sani kamar tafin hannunsa ta zama wadda ba a bi sai dole, ga shingayen jami'an tsaro, ga abin da kowa ya sani a daji. Ga kuma mai. Motar nan shan mai take kamar an huda ta. Abin da yake iya saya shi ne ɗan galan, ya zuba, da safe ya tayar da ita ya zauna ciki yana saurare, ya kashe, ya goge ta tas ya lulluɓe. In na tsokane shi sai ya ce irin wannan tafiyar ba a yin ta da rabin tanki, yana jiran fansho ya cika ta.

Wata rana ya ɗauke ni zuwa Ƙofar 'Yandaka karɓo yadi. Kafin in kai hannu ya zagayo ya buɗe mani ƙofa, ya jira na zauna, ya rufe a hankali. Na ce, "Ranka shi daɗe, yau ni ne oga?" Ya yi dariya, ya ji kunya. A hanya na lura kowane ɗan lokaci idonsa na zuwa madubi, alhali babu komai a bayanmu sai gilashi. Na ɗauka sabo ne kawai, na bar shi.

Damina ta zo ta yi abin da Furera ta faɗa. Rufin ɗakinta ya buɗe, ruwa ya sauka a kan gado da akwatunanta. Ba ta yi hayaniya ba. Ta kwashe kayanta ta shanya a tsakar gida, ta koma kwana a ɗan ɗakin da suke ajiye hatsi. Almu ya dawo daga masallaci ya tarar da zannuwan aurenta a kan igiya, rini ya zuba, wannan ya shiga wancan. Ya zo shagona ya zauna, ya daɗe a kan benci. Da ya tashi sai ya wuce wurin Sammani ya ce a nemo mai saye. Sammani ya yi ta jan rai, daga baya ya ce ya samu wani yaro daga Kano, zai zo ranar Asabar da hantsi. Ba sai na faɗi cewa an faɗi ƙasa warwas a cinikin ba. Abin da zai dawo hannu zai yi rufi da tsohuwar napep, shi ke nan.

Ranar Juma'a Furera ta aika aka sayar da tunkiyarta, wadda take kiwo don layya. Ta ƙulle kuɗin a gefen zane, ta kira shi a gabana ta kwance ta ba shi.

"Malam, ka cika mata ciki. Gobe da sassahe ka hita da ita ka ji abin da kake son ji. Na gaji da ganinka kana sauraren motocin mutane. Ka tahi ka ji, ka dawo mu huta."

Wallahi sai da na kau da kai. Na sha ganin mata masu kirki, amma ban ga irin wannan ba.

Washegari da muka sallame sallar asuba, gari ya fara haske, ya ce in zo in cika kujera ta biyu. Muka ɗauki hanyar Daura, don ita ce mai dama-dama. Muka lallaɓa muka wuce tudun simintin ƙarshe, muka wuce shinge, jami'in ya leƙo ya yaba motar ya ɗaga mana hannu. Sai titi ya buɗe. An yi ruwa jiya, iska mai sanyi, gero kore shar dama da hagu, ba mota, ba dabba, kwalta miƙe har inda ido ya tsaya. Almu ya gyara zama, ya yi bisimilla, ya taka totur.

Motar ta zabura har bayana ya manne da kujera. Ƙarar injin ta fara hawa, wata murya mai kauri da ban taɓa ji ba. Na dubi fuskarsa na ga Almu Iska na tasha, wanda na manta kamanninsa. Allura ta wuce sittin, ta wuce saba'in. Tana taɓa tamanin sai na ga idonsa ya tafi madubi, ƙarar ta sauka, motar ta lafa.

"Mi ya faru? Akuya ka gani?"

"A'a. Bari dai."

Ya sake takawa. Allura ta hau, ta zo tamanin, ido ya tafi madubi, ƙafa ta ɗaga. Na fara dariya, ina ce masa ko tsohuwa ta fi shi zuciya, ya ba ni in gwada da ƙafar keken ɗinki. A karo na gaba na ga ya cije leɓe, ya riƙe sitiyari har jijiyoyin hannunsa suka fito, gumi na bin wuyansa cikin wannan sanyin. Allura ta ɗan leƙa sama da tamanin, ƙafarsa ta kama rawa, ta janye da kanta. Dariyar ta mutu a bakina. Wata tsohuwar bas shaƙe da buhuna da awaki a sama ta zo ta wuce mu tana hayaƙi, yaran ciki suna ɗaga mana hannu.

Ya gangara gefen titi ya tsaya. Ya sa hannu biyu ya kama cinyarsa ta dama yana kallonta.

"Ba ta zuwa, Nu'uman. Ina ce mata ta tahi, ba ta zuwa. Ina jin zoben nan a gilashi."

"Wane zobe? Mutumin nan ya daɗe a kabari! Ba kowa bayanka, ko kujerar babu!"

"Na sani."

Can ya ce, a hankali, ba tare da ya dube ni ba, "Ko kai za ka ce mani in taka? Ka faɗa kamar da gaske."

Muka koma kan titi. Na tattara duk muryar da Allah ya ba ni na daka masa tsawa, "Almu, taka! Na ce ka taka!" Na buga gaban motar da hannu. Allura ta hau, ta zo inda ta saba, ta tsaya. Sai ya yi wata 'yar dariya da ban so na ji ba.

"Kai taubashi ne. Tun muna yara maganarka wasa ce a kunnena."

Ban taɓa jin baƙin cikin zama taubashinsa ba sai ranar. Rana ta ɗaga, motoci suka fara yawa, masu kai kaya kasuwa suka cika hanya. Ya juya kan motar muka dawo gari, tanki kusan cike.

Yaron Kano yana filin Sammani yana jira, ɗan siriri da tabarau, bai kai ɗan autan Almu ba. Almu ya goge sitiyari da hannun rigarsa, ya miƙa makulli, ya fara yi masa bayanin yadda ake hawa tudun siminti a karkace. Yaron yana ta duba waya. Ya shiga, ya fita filin, yana hawa babban titi ya take ta gaba ɗaya. Ƙarar da ta tashi ta sa tsuntsayen bedin nan suka watse, masu shayi suka miƙe tsaye. Ta hau, ta ƙara hawa, ta koma wani siririn kuka, har ta ɓace wajen hanyar Kano. Almu na tsaye a bakin kwalta, kai a karkace, baki a ɗan buɗe.

"Ka ji ta?" ya ce. "Ashe haka muryarta take."

A ƙasa muka tako gida. Furera na tsakar gida tana tankaɗe, ta ɗago ta dubi fuskarsa.

"Malam, ka ji?"

"Na ji," in ji shi. Ta ce alhamdulillahi, ta ci gaba da tankaɗenta. Ni kuwa na fita, don ba zan iya tsayawa ba.

An yi rufi. Almu yana jan napep yanzu, daga Ƙofar Marusa zuwa kasuwa da asibiti, kuma unguwa ta karɓe shi kamar ba a taɓa yin komai ba. Yana zuwa shagona har yau, amma in mota ta wuce ba ya karkata kai. Mata sun fi son napep ɗinsa, sai su bar uku su wuce suna jiransa. Rannan ina tsaye ya sauke wata tsohuwa da jikokinta a gaban shagon. Tana ba shi kuɗi tana ce wa ta kusa da ita, da ƙarfi don ya ji ya ji daɗi:

"Ni in ba Malam Almu ba, ban shiga. Bawan Allah, shi tun da nike bai taɓa son gudu ba."

Almu ya karɓi kuɗin da hannu biyu, ya ce, "Na gode, Hajiya."